Titin Zariya zuwa Sakkwato: Don Wa Aka Shata Shi, Wa Ke Binsa Yau?

Duk wanda ya tashi daga Zariya da niyyar Sakkwato a mota, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya a gabansa. Zai fita ta Samaru da Shika, ya wuce Giwa, ya shiga Funtuwa. Daga nan ya karkata arewa maso yamma ta Sheme da 'Yankara, ya faɗa ƙasar Zamfara, ya ratsa Tsafe, ya gifta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya isa Gusau. Bayan Gusau sai Bunguɗu da Maru da Mayanci da Talatar Mafara, sannan Tureta da Dange da Shuni, sai birnin Shehu. A takardun gwamnatin tarayya lambar titin A126, tsawonsa ya kusa kilomita 400, kuma jihohi huɗu yake ratsawa: Kaduna da Katsina da Zamfara da Sakkwato. Direbobi ba ruwansu da lamba. A wurinsu titi uku ne: na Zariya zuwa Funtuwa, wanda ake bi da ɗan sauƙin rai, na Funtuwa zuwa Gusau, wanda ake bi baki ɗauke da addu'a, da dogon na Gusau zuwa Sakkwato, wanda ba a son yamma ta riski mutum a kansa.

Tun 2023 gwamnatin tarayya ta raba aikin mayar da titin tagwaye ga 'yan kwangila kashi-kashi, kuma mai bin hanyar zai ga katafila da tulin tsakuwa a wurare da dama. Abin murna ne, ba mai musu. Amma ina ganin in ba a duba dalilin da ya sa aka shata titin tun farko ba, da kayan da aka yi ta jibga masa daga baya, da abin da aka ƙi yi a gefensa, za a kashe biliyoyi a samu titi mai faɗi wanda har yanzu ba ya biyuwa bayan magariba.

Kafin zuwan Turawa, hanyar Sakkwato ba guda ɗaya ba ce, kuma ba wanda ya kafe ta. Madugu ne ke zaɓa, kuma abu biyu yake dubawa: ina ruwa, ina lafiya. Fitacciyar hanyar da ke tasowa daga Kano takan bi ta arewa, ta ƙasar Katsina da Zurmi, sannan ta ratsa dajin Gundumi, dajin da ba ruwa kuma Gobirawa ke kai hari a cikinsa. Matafiyin Bature Clapperton ya ratsa shi a 1824 da rakiyar mayaƙan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa. Wani Baturen, Barth, ya ratsa shi a 1853, tafiyar awa 26 ba yada zango, mutane da dabbobi suka fita a galabaice. Akwai kuma hanyoyin kudu da ke bi ta garuruwan duwatsu irin su Kwatarkwashi, da tsohon garin malamai 'Yandoto, wanda Bello ya yaƙa a farkon jihadi. In yaƙi ya ɓata wannan ɓangare sai ayari ya koma wancan. Zango yana rayuwa ne muddin fatake na sauka, sarkin da ya tsare hanya kuma shi ke cin kuɗin fito. Ma'ana, a wancan zamani tsaron hanya yana da mai shi, kuma mai shin yana da riba a tsaron.

A kan ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi na kudu aka yi karon Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairun 1903. Kanawa suna komowa daga Sakkwato sai labari ya iske su cewa Nasara sun ci Kano tun ranar 3 ga watan. Sarkinsu Alu ya rabu da rundunar, Waziri Ahmadu ya ja sauran suka nufi gida, suka ci karo da sojan Turawa a kusa da Kwatarkwashi, aka kashe Waziri da jama'a da dama. Ranar 15 ga Maris Sakkwato ta faɗi. Fasinja da yawa suna wuce dutsen nan kullum, su ɗaga kai su kalle shi, ba su san cewa a nan kusa aka yi ɗaya daga cikin karon ƙarshe na daular ba. Na daɗe ina ganin ya kamata a ce akwai ko da allo ne a bakin titin da ke faɗin haka.

Turawa ba ruwa da lafiyar ayari suka duba ba. Abin da ya dame su shi ne yadda kaya za su kai teku. Dogo ya iso Zariya da Kano a 1911, kuma daga nan duk tunanin hanya a Arewa ya koma tunanin yadda za a ciyar da jirgin ƙasa. Ƙasar da ke tsakanin Zariya da Gusau ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, wadda auduga ke so, ga kuma masaƙun Lankashaya a Ingila suna neman auduga ido rufe. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchesta a 1902 don wannan buƙata, ya kakkafa gidajen gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau da Mayanci da Malumfashi. Aka buɗe gonar iri a Daudawa, a ƙasar Faskari. Samaru ta zama cibiyar binciken noma tun shekarun 1920, Shika ta zama gonar gwajin dabbobi. Wanda ya jera waɗannan sunaye a kan taswira zai ga titin ya fito da kansa. Ba garuruwan ne aka haɗa don mutanensu su ziyarci juna ba; ma'aunan auduga da na gyaɗa aka haɗa da tashar jirgi. Kwarin Gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga kusa da Funtuwa ya bi ta Gusau da Bunguɗu ya gangara ƙasar Mafara, shi ya ba titin alƙibla, don inda ruwa da fadama suke nan jama'a da amfanin gona suke.

Yadda aka yi titin ma abin tunawa ne. Ba injin, ba kwangila. Joji ya faɗa wa Sarki, Sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya fito da majiya ƙarfi. Da gatari da fartanya aka sare daji, da kwando aka yi dakon marmara a ka. Titin burji ne, jar ƙasa da tsakuwa, wanda da rani yake gargada da ƙura, da damina kuma ruwa ya yanke shi a mashigai. Daga baya aka zuba leburori na dindindin, kowace ƙungiya da 'yan mil ɗinta, suna zaune a bakin hanya da hedimansu, suna cike rami tun yana ƙarami, suna yashe lambatu kafin ruwan farko. Aikin tilas zalunci ne, kuma kakanninmu sun sha wuyarsa. Amma tsarin leburan hanya da ya biyo baya yana da hikima guda wadda muka yar: kowane taƙi na titin akwai wanda za a kira da suna in ya lalace.

Titin da dogon su suka yi Funtuwa. Ƙaramin gari ce a ƙasar Maska, har ta kai hakimin, Sarkin Maska, ya baro tsohon garinsa ya tare a cikinta. Nan hanyoyi suka haɗu: ta Zariya, ta Gusau, ta Malumfashi zuwa Katsina da Kano, da ta Ɗandume da Birnin Gwari wadda ke gangarawa Ikko. Gari ne na direbobi da makanikai da 'yan kamasho, ba mamaki da Mamman Shata, wanda ya yi wa direbobi waƙoƙi da dama, ya yi zamansa a can. Gusau ma haka. Garin Malam Sambo ɗan Ashafa ne tun zamanin jihadi, amma kantunan Turawa da na Kwarori da tashar jirgi su suka mai da ita babbar kasuwar gabashin lardin Sakkwato. Nauyinta ya kai a 1938 aka tura Ahmadu Bello, sabon Sardauna, ya zauna a can yana duba gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Gaba kaɗan, a Maru, akwai makarantar horon malamai inda aka kai Malam Aminu Kano, daga can kuma ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa gaba ɗaya. Ashe manyan abokan hamayyar siyasar Arewa biyu duk sun sha ƙurar wannan burji.

Akwai wani abu guda da ya yanke wa titin hukunci tun kusan shekara 100 da suka wuce. Reshen dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, sai ya juya arewa ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Bai je Sakkwato ba. Gyaɗa da audugar da ake nema suna gabashin lardin, don haka a lissafin Turawa ba dalilin ƙara ƙarfe ko taƙi ɗaya. Har yau jirgin ƙasa bai taɓa shiga Sakkwato ba, duk da alkawuran da gwamnatoci suka sha yi. Saboda haka rabin titin na yamma, daga Gusau zuwa Sakkwato, tun ran gini ba shi da mataimaki. Rabin gabas kuwa yana da shi, sai daga baya aka kashe masa.

Bayan samun 'yanci, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, titin ya ga zamaninsa mafi kyau. Kwalta ta miƙe, aka yi gadoji na kankare, motocin haya suka yawaita. Masana'antu suka biyo: siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, masaƙa da matatar man gyaɗa a Gusau, masaƙa a Funtuwa. Aka ja bututun mai daga matatar Kaduna zuwa defo a Gusau, don tankoki su ɗauka daga nan kusa. A kan titin ne kuma aka yi ta jan injuna zuwa Bakolori, kusa da Talatar Mafara, inda kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa tsakanin 1974 da 1978. Labarin Bakolori bai ƙare da daɗi ba. Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka hana noma shekara da shekaru ana gyaran fili, suka nemi diyya ba su samu yadda ya kamata ba, suka datse hanyoyin shiga wurin aikin. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙona gidaje. Gwamnati ta ce mutum kaɗan ne suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Na kawo wannan ne don yanzu ma ana rushe gidaje da shaguna ana cin gonaki don faɗaɗa titi a wannan ƙasa ɗin dai, kuma maganar diyya ba abin wasa ba ce a wurin mutanen da iyayensu suka ga 1980.

Sai abubuwa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa. A 1986 aka soke hukumomin sayen amfanin gona, auduga ta rasa mai tsaya mata a kan iri da farashi. Masaƙu suka yi ta rufewa ko suna aiki rabi da rabi. Jirgin Ƙauran Namoda ya yi ta ja da baya har ya daina zuwa a kai a kai, ciyawa ta rufe dogo, aka yi kasuwa a kan wani sashe nasa. Matatar Kaduna ta tsaya, bututu ya bushe. Duk kayan da waɗannan ke ɗauka bai ɓace ba, titi ya koma. Man da ake sha a Gusau da Sakkwato yanzu daga kudu tanka ke jawo shi. Siminti na fita da tirela, takin zamani na shigowa da tirela. Shanu da raguna daga kasuwannin kan iyakar Nijar, albasa daga fadamun Sakkwato da Kabi, masara da waken suya daga Giwa da Funtuwa da Ɗandume, duk a kan layi biyu na kwalta, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. An mai da titin jakin gidan da sauran dabbobin suka mutu.

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ba yawan motoci ke kashe titi ba, nauyi ne. In nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban ƙananan motoci illa. Kuma mutuwar titi a idon kowa take faruwa. Da farko kwalta ta tsattsage. Ruwan Agusta ya shiga tsagar ya jiƙa marmarar da ke ƙasa. Tirela ta taka, wurin ya lotsa, gefen ya gutsure. Kafin kaka an sami rami, direbobi suna kauce masa suna hawa hannun da ba nasu ba, ko su sauka gefe su ci kafaɗar titin. Sai ka ga yara da tsofaffin kwanoni da guntun shebur suna zuba ƙasa a ramin, suna ɗaga wa motoci hannu, wani ya jefa musu naira 50, wani ya wuce ya bar su da ƙura. Ruwa ɗaya zai wanke ƙasar, gobe su dawo. A wurare da yawa su ne kaɗai leburan hanya da suka rage.

Me ya sa ba a gyara ramin tun yana ƙarami? A nan maganar mallaka ta shigo. Titunan Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jihohi, da na ƙananan hukumomi. Wannan na tarayya ne, kuma akwai hukumar FERMA da aka kafa a 2002 don gyaransa da ire-irensa, amma kuɗin da ake ba ta bai taɓa kusantar aikin da ke gabanta ba. Gwamnan da jama'arsa ke mutuwa a kan titin zai ce ba nasa ba ne, in ya gyara ma ba tabbas a biya shi. Wanda titin yake nasa kuma yana Abuja, in zai zo Sakkwato jirgin sama yake hawa. A 1967 jihohi biyu titin ke ratsawa, Arewa ta Tsakiya da Arewa maso Yamma. Ƙirƙiro Katsina a 1987 da Zamfara a 1996 ya mai da su huɗu, kowace da kwamishinan 'yan sandanta da iyakar ikonta. Ba banza ba wuraren da suka fi haɗari suke daf da kan iyakoki, tsakanin 'Yankara da Tsafe, da tsakanin ƙasar Mafara da Tureta. Inda ikon wannan ya ƙare kafin na wancan ya fara, nan ɓarawo ke tsayawa.

Amma babban gibin ba a kan titin yake ba, a gefensa yake. Kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin ƙasar nan na ƙananan hukumomi ne, mafi yawansu ko burji ba su samu ba, kuma shekara da shekaru kuɗin ƙananan hukumomin yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kai a watan Yulin 2024. Turawa sun ja layi ɗaya don kwasar kaya, mu kuma muka gaje shi muka yi ta shafa masa kwalta, ba mu ba shi rassa ba. Ka sauka daga titin a Tsafe ko Maru ka nufi kudu, bayan 'yan kilomitoci sai hanya ta koma turbar babur, da damina kuma rafi ya raba ka da duniya. Can ciki akwai garuruwa masu dubban mutane, masu noma abin da ake lodi a bakin titi, waɗanda mace mai naƙuda sai a kan babur ko amalanken shanu ake fito da ita. Inda mota ba ta shiga, malamin makaranta ba ya zama, ma'aikacin asibiti ba ya zama, alƙali da ɗan sanda ba sa zuwa. Rigimar manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya, wadda hukuma mai adalci za ta kashe a zama ɗaya, sai ta ruɓe ta zama gaba. Satar shanu ta zama sana'a. 'Yan sa-kai suka ɗauki doka a hannu, aka yi ta kisan ramuwa. Zinariya ta ƙara wa wutar mai: gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta nuna yadda ake haƙa da niƙa a wuraren da hukuma ba ta ma san abin da ake ciki ba.

Hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ta Magami ita ce misali mafi zafi. Kusan kilomita 100 ce, ta nufi ƙasar da ke cikin mafi albarkar noma a Zamfara, a bakin dajin Kuyambana. An bar ta ta mutu, har ta kai mutanen Ɗansadau ba sa fitowa sai an tara motoci an samu rakiyar soja, wani lokaci a yi kwanaki ana jira. A wannan yanki ne aka kashe mutum fiye da 100 a 'Yargaladima a watan Afrilun 2014, lokacin da yawancin 'yan Najeriya ba su ma san ana wani abu a Zamfara ba. Abin da aka bari ya girma a can shi ne daga baya ya fito bakin kwalta. Ɗan bindiga a kan babur yana da hanya dubu, soja a cikin mota yana da guda ɗaya, kuma kowa ya san ta.

Yau direban da ke lodi a Funtuwa zai nufi Gusau ba ya tashi da asuba kamar da. Yana jira rana ta ɗaga, a ji labarin motocin farko. Ɗan kamasho na kiran fasinja, direba na gefe da waya a kunne yana tambayar wanda ya riga shi: “Malam, ya hanya? Kun wuce Kuceri?” In an kama hanya idonsa ba a kan ramuka kaɗai yake ba, yana ƙirga motocin da ke tahowa. Muddin ana gamuwa da su, ana ɗaga wa juna hannu, to gaba lafiya. In aka ɗan jima ba abin da ya ɓullo, sai ya rage gudu, ya sami gari ya faka, sauran su taru a bayansa. Wani lokaci mai tahowa ne zai yi ta walƙa fitila yana juya hannu, kowa ya yi kwana. A cikin mota hira takan mutu daga 'Yankara, ba ta dawowa sai an hango Tsafe. Sunayen Wanzamai da Kuceri da Magazu, ƙauyukan da a da ba wanda ya sani sai mai sayen rake ko dafaffiyar gyaɗa ta taga, yanzu a labaran rediyo ake jin su. Mutanen waɗannan ƙauyuka kuwa su suka fi kowa shan wuya, don fasinja wucewa yake yi, su a nan suke kwana.

Matakan da gwamnatoci suka ɗauka yawanci na rufewa ne. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a watan Disambar 2020 da 'yan matan Jangebe 279 a Fabrairun 2021, sai a watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar shanu da sayar da fetur a jarka. Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A 2024 Zamfara ta hana zirga-zirgar dare a kan iyakarta da Katsina da ta Sakkwato. Jihohin biyu kuma sun kafa rundunonin tsaro na 'yan ƙasa, Katsina a 2023, Zamfara da Askarawanta a farkon 2024. Ana iya fahimtar kowane ɗaya daga cikin matakan nan a lokacin da aka ɗauke shi. Sai dai duk hanyar da aka rufe an sallama ta ne, kuma kuɗin rufewar talaka ke biya. Albasa da tumatir ba sa jiran gari ya waye. Direban da a da yake sawu biyu yanzu ɗaya yake yi, ga shingaye barkatai da kowanne ke cin nasa, duk kuma a kan mudu ake fanshewa a kasuwar Gusau da ta Sakkwato.

To me tagwayen titi zai gyara? Abu guda babba: karon gaba-da-gaba. Yawancin munanan haɗurran wannan hanya daga wuce tirela ne a kan layi ɗaya, ko kauce wa rami a shiga hannun wani, kuma raba hannun zuwa da na dawowa zai ceci rayuka masu yawa. Zai rage lokacin tafiya, zai rage kashe kuɗin gyaran mota. Titi mai kyau kuma yana rage wuraren da dole mota ta rage gudu, waɗanda nan ne aka fi tare mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai bin hanyar yana fatan a gama aikin, kada ya bi sahun titin Abuja zuwa Kano da aka ba da kwangilarsa tun ƙarshen 2017 aka yi ta jan ƙafa.

Amma akwai tambayoyin da ya kamata wakilan yankin su riƙa yi tun yanzu. Titin yana ratsa tsakiyar Giwa da Funtuwa da Tsafe da Bunguɗu da Mafara, kasuwa a dama makaranta a hagu. In aka sa katanga a tsakiya motoci suka ƙara gudu, ta ina yaro zai tsallaka, ta ina garken shanu zai gifta? In ba a bar mashigai a inda burtali ya ratsa ba, an shuka wata sabuwar rigimar. Sannan ina ma'aunin nauyi? Ko da kankare aka zuba maimakon kwalta, titin da ba a auna lodin da ke hawansa kwanansa ƙirgagge ne. Wurin da ya dace a auna tirela shi ne inda take lodi, ƙofar masana'anta da defo da manyan kasuwannin hatsi, ba tsakiyar daji ba inda awon zai zama wani shingen karɓar na goro. Dogon Zariya zuwa Ƙauran Namoda kuma yana nan kwance. Farfaɗo da shi, da miƙa shi Sakkwato, shi ne kaɗai abin da zai sauke wa titin siminti da mai da taki.

Sauran aikin na gwamnoni ne da shugabannin ƙananan hukumomi, kuma a nan ba su da uzurin cewa titin ba nasu ba ne. Hanyar Ɗansadau tasu ce. Hanyoyin da suka tashi daga Tsafe da Faskari da Maru da Bakura suka shiga ƙauyuka nasu ne. An fara taɓa wasu, ciki har da ta Ɗansadau, amma abin da ake buƙata ya fi kwangila ɗaya ko biyu da za a buɗe da kiɗa. Yawancinsu ma ba sai an yi musu kwalta ba. Burji mai kyau da kwalbati a kowane mashigi ya isa motar asibiti da ta soja da a-kori-kurar ɗan kasuwa su shiga a watan Agusta, in dai an ɗauki mutanen garuruwan aikin kula da shi, ana biyansu duk wata, kowa da iyakar inda zai gyara.